Amsa: Dalilin da HPC ke sauya launi a cikin ruwa

Malam, ka tambayi dalilin da garin HPC, wato selulos (sinadarin da ke cikin zaren itace) da aka sarrafa, yake ƙyalli kala-kala idan an dama shi da ruwa, amma ya yi fari fat idan an ɗumama shi. Idan garin ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin haɗin, zaruruwansa kan jeru a murɗe kamar igiya alhali haɗin yana kwarara, abin da masana kimiyya Werbowyj da Gray suka bayyana a Kanada a 1976. Wannan murɗin ne ke kawo launi, wanda kan bayyana wajen kashi 60 zuwa 70, kuma yayin da ruwa ke raguwa murɗin na matsewa, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi.

Farin kuwa rabuwa ce, domin zafi na sa zaruruwan su saki ruwa su dunƙule. Da haɗin ya huce sai ya sake washewa.