Ɗana Mai Ciwon Daji Yana Kai Kukansa Ga Abokan Waya: Rashin Haƙuri Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ɗana mai shekara 17 yana fama da ciwon daji na ƙashi, har ya kai ga huhu. Likitoci sun ce ba sauran magani sai na rage raɗaɗi, amma ba mu gaya masa ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta saka shi a wani zauren WhatsApp na matasa masu irin ciwonsa, akwai kuma malamin da ke tura musu karatu da addu'a. Can yake faɗin tsoronsa, mu kuwa kullum "da sauƙi" yake ce mana. Baffansa ya ce a karɓe wayar, wai kai ƙarar Allah ne wurin bayinsa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya ba yaronki lafiya, ya sanya abin da yake ji ya zama kaffara, ke kuma ya ƙarfafa zuciyarki.

Zamansa a wannan zaure halal ne, kada a karɓe masa waya. Maganin rage raɗaɗi, har da mofin mai kashe zafi mai tsanani, in likita ne ya ƙayyade shi, babu laifi.

Maganar baffansa tana da tushe, shi ya sa zan tsaya a kanta. An ruwaito cewa Ɗawus, ɗaya daga manyan tabi'ai, ya ƙi ko da nishin maras lafiya, kuma da aka ambata wa Imam Ahmad haka a ciwon ajalinsa sai ya daina nishi. Wasu kuma suna kafa hujja da faɗin Annabi Yaƙub a Suratu Yusuf, aya ta 86, cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa da baƙin cikinsa. To amma Yaƙub wa yake gaya wa wannan magana? 'Ya'yansa ne, bayan sun ji shi yana cewa "ya baƙin cikina a kan Yusuf", sun kuma ga idanunsa sun yi fari. Bai ɓoye halinsa ba, kuma shi ne dai mai "haƙuri mai kyau". Nana A'isha ta ce "wayyo kaina", Manzon Allah (SAW) ya ce "a'a, ni ne dai wayyo kaina", kamar yadda Buhari ya kawo. Ya gaya wa Ibn Mas'ud cewa zazzaɓin mutum biyu yake ji. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya ce masa "ciwo ya kai ni inda kake gani", bai tsawata masa ba. Saboda haka ne Imam Nawawi ya raunana maganar masu karhanta nishi, domin babu hanin da ya tabbata a kai. Abin da Imam Ahmad ya yi tsantseni ne ya zaɓa wa kansa, ba a ɗora shi a kan yaro ɗan 17 da ciwo ke hana barci.

Hukuncin yana canzawa ne a wuri ɗaya: me ake faɗa a zauren? "Ina jin tsoro", "ban yi barci ba", "na gaji", duk labarin hali ne. Amma in maganar ta koma tuhumar Allah a kan hukuncinsa, ko ana ƙawata wa juna gaggauta mutuwa, ko wani yana cewa a bar maganin asibiti a saya nasa, to a nan wajibi ne a sa baki. Ko a nan ɗin ma, a fara da ma'aikaciyar jinyar da ta saka shi. In ya ce ya gaji da rayuwa, kada ki firgita ki rufe masa baki; ki sanar da masu kula da shi, ki koya masa addu'ar hadisin Anas: "Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka karɓe ni idan mutuwa ce alheri gare ni."

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda shi ya fi damuna. Kin ce ba ku gaya masa ba. Yaron da ke zaune cikin masu irin ciwonsa, yana ganin wanda ya daina magana a zaure, kina tsammanin bai gane ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina kyautata zaton "da sauƙi" da yake ce muku tausayinki yake ji, kamar yadda kike jin nasa, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Baligi ne, akwai hakkin Allah da na mutane a kansa, wataƙila akwai wanda yake so ya nemi yafiyarsa. Ban ce ki je ki ɗora masa labari ba. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Me ka fahimta game da jikinka? Me kake so ka sani?" Iyakar abin da ya nema, a gaya masa gaskiya tare da likitansa, ba tare da yanke masa lokaci ba, don ajali ilimin Allah ne. Masu kula da marasa lafiyar da ciwonsu ba ya warkewa, tun daga likita Cicely Saunders da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, sun lura cewa tsoro da kaɗaici suna ƙara wa ciwon jiki zafi. Waya tana rage kaɗaici, amma hannun uwa a goshi ba ya zuwa ta intanet.

Malamin da ke tura karatu, Allah ya saka masa, sauraro alheri ne. Ruƙya dai ki yi masa da kanki: Fatiha da Falaƙi da Nasi, ki tofa a hannu ki shafa masa, A'isha ma ta riƙa karanta wa Manzon Allah Falaƙi da Nasi tana shafa masa da hannunsa a ciwonsa na ƙarshe. A roƙi malamin ya yawaita ayoyin rahama, ya rage na azaba. Kwana uku kafin wafatinsa Annabi ya ce kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata wa Allah zato.

In akwai 'yan mata a zauren, hira ta tsaya a bainar jama'a. In yana tambayar manhajojin nan masu ba da amsa da kansu, a faɗa masa suna iya ƙirƙiro hadisin da babu shi, ya riƙa tabbatarwa wurin malami. Kada kowa ya yaɗa hotonsa a gadon jinya ba da izininsa ba, ko da neman addu'a ne. Salla kuwa ya yi ta yadda ya iya, a zaune ko a kishingiɗe, ya yi taimama in ruwa ya gagara.

Baffansa ku yi masa magana da laushi, ƙauna ce ta sa shi. Ku roƙe shi ya riƙa zuwa yana zama da yaron. Ke ma ki sami wadda za ki riƙa gaya wa damuwarki, hukuncin da na faɗa wa ɗanki ya shafe ki.

Wallahu a'alam.