Baba yana kan na'urar numfashi: ta yaya ake gane yana jin zafi?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi: "Yau kwana huɗu Baba yana ɗakin kulawa ta musamman a asibitin Komfo Anokye, da bututu a maƙogwaro, an ba shi maganin barci. Tunda ba ya magana, wa zai san ko yana jin zafi?"

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Damuwarki tana kan hanya, domin mutum na iya yin barci alhali ciwo na cinsa. Magungunan sa barci irin su propofol da midazolam ba sa kashe zafi, wannan aikin morphine ne da fentanyl. Shi ya sa mu ma'aikatan asibiti muke fara magance zafin kafin mu ƙara na barci.

In mara lafiya zai iya ƙifta ido ko matse hannu, shi muke tambaya tukuna. In ba hali, sai mu karanci jikinsa. Ni na fi dogara da wani ma'aunin zafin ciwo da ake kira CPOT, wanda Céline Gélinas, wata nas a Kanada, ta fitar da abokan aikinta a 2006. Ana duba fuska, motsin jiki, taurin tsoka, da yadda numfashinsa ke tafiya da na'urar. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 8. Daga 3 zuwa sama, akwai zafin da ke neman magani.

Nakan tsaya minti ɗaya ina kallonsa yana kwance shiru, sannan in sake dubawa lokacin da ake juya shi ko zuƙe masa majina, don a nan ciwo ya fi fitowa fili. Sai ki ga gira ta haɗe, ido ya runtse gam, haƙora sun cije bututu. In na lanƙwasa gwiwar hannunsa ta ƙi lanƙwasuwa, na'ura kuma tana ta ƙara saboda yana kokawa da ita, ba na jiran wata shaida.

Hawan jini ko saurin bugun zuciya kaɗai ba hujja ba ne, zazzaɓi ma na kawo hakan. In kuma an ba shi maganin da ke hana tsoka motsi, ma'aunin ba ya aiki, sai mu ɗauka zafin na nan mu ba da magani.

Ke kin fi mu sanin Baba. In yana da tsohon ciwon baya ko na gwiwa, ko wata yamutsa fuska da kuka saba gani a gida, faɗa wa nas ɗin da ke kansa. Kuma kada ki ji nauyin tambayarta: "Makin zafinsa nawa ne yau?"