Amsa kan matakan Doom da suka ƙi fitowa

Assalamu alaikum 'yan guruf. Ɗan'uwa, na saurari saƙonka. Ka ce ka sauko da matakin Doom da wani masoyin wasan ya zana, ka ɗora shi, wasan ya buɗe amma tsohon matakin farko yake kawo maka kamar ba ka sa komai ba. To kar ka goge fayil ɗin, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Ka gane, WAD, wato fayil ɗin da ke ɗauke da kayan wasan Doom, iri biyu ne. Akwai uwa, wato IWAD, irin DOOM.WAD ko DOOM2.WAD, ita ke ɗauke da bango da dodanni da sauti. Wanda ka sauko da shi PWAD ne, goyo ne, sai a bayan uwa yake tafiya. Doom na 1993 yana kiran matakansa E1M1, E1M2, shi kuwa Doom II na 1994 MAP01, MAP02 yake cewa. In mai zanen ya sa wa nasa MAP01, kai kuma ka goya shi a bayan DOOM.WAD, wallahi wasan ba zai ma neme shi ba. Canza uwa zuwa DOOM2.WAD kawai. Wani lokacin kuma a MAP07 aka ajiye shi, sai ka shiga wasan ka buga idclev07, nan take zai kai ka.

Sai batun injin, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, a nan ne na fi so ka natsu. Tunda id Software, kamfanin da ya yi Doom, suka saki lambobin da aka rubuta wasan da su a 1997, injuna suka yi yawa. Chocolate Doom yana kwaikwayon na asali ne har da iyakokinsa, mataki in ya cika girma sai ya rufe kansa. Ni ma na taɓa kwana ina danna wani maɓalli a jikin bango, ƙofa ta ƙi motsi, ashe matakin na tsarin wani injin ne mai suna Boom. Ina mayar da shi injin GZDoom ƙofar ta buɗe. In fayil ɗin pk3 ne, GZDoom ɗin za ka nufa kai tsaye. Amma don Allah ka kashe tsalle a ciki, tsofaffin matakan ba a zana su da tsalle ba, za ka tsallake rabin wahalar da mutum ya sha yana ginawa.

In ka ga fayil mai .deh a cikin zip ɗin, tare da WAD ɗin ake ɗora shi. Akwai kuma ɗan fayil na txt, a ciki mai zanen ke faɗin uwa da injin da yake buƙata. Ɗauko hotonsa ka turo nan mu duba tare.