Lambun unguwarmu ya zama juji, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A unguwarmu akwai wani lambu da aka ware tun lokacin da aka yanka filayen unguwar, a nan muka yi wasan ƙuruciya. Yanzu ya zama juji, da dare kuma matattarar 'yan shaye-shaye. Mu matasa mun yi gayya har sau biyu mun kwashe shara, bara ma mun dasa itatuwa, amma ko wata uku ba a rufa ba komai ya koma gidan jiya, itatuwan kuma awaki sun cinye. Ga raɗe-raɗin wai za a yanka wurin a yi shaguna. Na ji an ce a ƙasashen waje ƙungiyoyin sa-kai ne ke riƙe da irin waɗannan wurare. Gaskiya ne? Mu ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka muku da alheri, kai da abokanka. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma misalin da ya fi shahara shi ne na lambun Central Park da ke tsakiyar birnin New York a Amurka. Bari in ɗan tsaya a kansa, domin cutar da ta kama lambunku ita ta taɓa kama shi.

Faɗin lambun eka 843 ne, Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka zana shi a 1858. A shekarun 1970 asusun birnin ya bushe, har a 1975 saura ƙiris birnin ya kasa biyan basussukansa. Aka rage ma'aikata, lambun ya zama marayan ƙarfi da yaji. Filin ciyawar nan da ake kira Sheep Meadow ya koma fako sai ƙura, kujeru suka kakkarye, fitilu suka mutu, aka cika bangaye da rubuce-rubucen fenti, mutanen kirki suka daina shiga da yamma. A 1979 kwamishinan lambunan birnin, Gordon Davis, ya naɗa wata mata, Elizabeth Barlow Rogers, ta zama mai kula da lambun, a 1980 kuma aka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy, ta mutanen gari masu tara kuɗi da bayar da lokacinsu.

Mutane sukan ɗauka kuɗin attajirai ne kawai ya ceci wurin. Kuɗi ya yi aiki, ba musu. Amma dabarar da ta fi amfani gare ku ba ta cin ko kwabo. A 1996 suka raba lambun gida 49, kowane yanki aka damƙa shi ga mai lambu guda tare da 'yan sa-kai da ke aiki a ƙarƙashinsa. Idan kujera ta karye ko shuka ta bushe a yanki kaza, an san wanda za a kira da sunansa. Shi ma yana ganin fuskokin masu zuwa wurin kullum, ya san tsohuwar da ke zama a kujerar nan da hantsi, ya san yaran da ke tattake shuka. Suka kuma ɗora wa kansu ƙa'ida cewa duk rubutun fentin da aka yi a bango a goge shi cikin kwana guda, kada ya daɗe har wani ya gani ya ƙara nasa.

To ka ga inda gayyarku ta gaza. Gayya al'adarmu ce mai kyau, amma don aikin yini guda aka yi ta: a nome gonar wane, a yaɓe ɗakin wane, a ci tuwo a sha fura a watse. Bayan an watse, mai gona yana nan, shi zai ci gaba da kula da abinsa. Lambunku kuwa kun yi masa gayya kun watse ba ku bar masa mai shi ba. Matar da ke aiko almajiri da bokitin shara ta leƙo washegari ta ga ba kowa, sai ta ci gaba da abin da ta saba. Da zarar leda goma sun kwana a wurin, na sha ɗaya ba ya jin kunyar zubawa.

Saboda haka ku raba wurin, ko da bai fi filin ƙwallo ba. Kusurwar gabas ta gidajen da ke kallonta, gefen masallaci na masu zama a dakalin bayan la'asar, bakin titi na mai shayi da mai faci, tunda su ne ke wurin daga safe har dare. Kowane yanki a rubuta sunan mutum guda a kansa, ba kwamiti ba. Na fi son mutum shida da za su riƙa leƙawa minti ashirin kullum a kan mutum ɗari da za su zo ranar Asabar ɗaya da sababbin riguna masu tambari a ɗauki hoto. Kuma ku tambayi kanku inda sharar za ta koma. Mutanen da ke zubawa a lambun ba don mugunta suke yi ba, wurin zubawa ne babu. Idan ba ku shirya da masu kwasar shara a baro ko hukumar tsaftar muhalli an samu wani wuri ba, faɗa kawai za ku yi ta yi da maƙwabta.

Maganar shaguna ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, kuma ita ya kamata ku fara bi kafin ku sake ɗaukar tsintsiya. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen cikin birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana. Tsarin Mulkin 1999 kuma, a jadawali na huɗu, ya lissafa ginawa da kula da lambuna da filayen shaƙatawa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wato ƙofa biyu za ku ƙwanƙwasa. Ku je hukumar tsara birane ko ofishin filaye na jiha ku nemi taswirar da aka yanka unguwar da ita, ku ga da idonku abin da aka rubuta a kan wannan fili. Idan an nuna shi a matsayin filin jama'a, ku yi kwafi da yawa, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin limami, ɗaya a manne a allo a bakin lambun. Filin da kowa ya san matsayinsa yana da wuyar sacewa a ɓoye. Daga nan ku rubuta wa ƙaramar hukuma kuna neman izinin kula da wurin, ku karɓo amsa a rubuce mai hatimi. Alƙawarin baki na kansila ko ciyaman yana ƙarewa ranar da ya sauka daga kujera. Ita kanta ƙungiyar New York ta yi shekara 18 tana aiki kafin ta sa hannu a cikakkiyar yarjejeniya da birnin a 1998, kuma har gobe lambun mallakar birnin ne, ƙungiyar riƙo kawai take yi. Ku kada ku jira shekara 18. Tun ran gini ran zane.

Wanda ya fi kama da halin da kuke ciki shi ne dajin Karura da ke Nairobi a Kenya, mai faɗin kimanin hekta dubu. A ƙarshen shekarun 1990 aka riƙa yanka shi a asirce ana raba wa masu uwa a gindin murhu. Wangari Maathai, 'yar Kenya mai fafutukar kare muhalli wadda daga baya ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta ja mutane suka riƙa shiga suna dasa itatuwa a wuraren da aka share don gini. A watan Janairun 1999 'yan bangar da aka ajiye a wurin suka far musu har suka fasa mata kai. An dakatar da gine-ginen, amma dajin ya ci gaba da zama maɓoyar 'yan fashi na tsawon shekaru, domin hana sata daban, riƙo daban. Sai a 2009 aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, bisa dokar gandun daji ta 2005 da ta ba al'umma damar haɗa hannu da hukuma. Suka kewaye dajin da shinge, suka gyara hanyoyin ƙafa, suka ɗauki masu sintiri da ma'aikata daga unguwannin talakawa da ke maƙwabtaka da shi. Yau iyalai ne ke zuwa yawo a wurin da ake tsoron ratsawa da rana tsaka.

Wannan ɗaukar 'yan unguwa aiki shi ya kawo ni kan 'yan shaye-shayenku. Kada ku fara da gora da 'yan sintiri. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba, ƙannenku ne, kun san iyayensu. Idan kun kore su da duka, za su dawo da dare su tumɓuke abin da kuka dasa, kuma ba ku da yadda za ku yi. Da ɗan gari akan ci gari. Ku samu biyu ko uku da ake jin maganarsu a cikinsu ku ba su aikin ban ruwa ko gadi, da ɗan abin sabulu a ƙarshen mako. Sauran maganin haske ne da idon jama'a: a sassabe duhuwar da ke ɓoye mutum, a sa fitilar sola biyu ko uku a kan dogayen turaku inda hannu ba ya kaiwa, kada a yi katanga mai tsawo da za ta hana na waje ganin ciki. Idan 'yan ƙwallo suna wurin da yamma, 'yan Islamiyya suna bitar hadda a inuwa, dattawa suna kan benci da rediyonsu, mai son ɓuya da kansa zai canja sheƙa. Ku kuma tanadi gefe guda da mata za su zauna da yara ba tare da an zuba musu ido ba, in ba haka ba rabin unguwar ba za su taɓa jin wurin nasu ne ba.

Batun kuɗi a taƙaice. Ku yi rajista a sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma, idan abin ya girma ku je Hukumar Rajistar Kamfanoni ku yi rajistar amintattun ƙungiya. Asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu ko uku, kuma duk wata a manna abin da ya shigo da abin da ya fita a inda kowa zai karanta. Ƙungiyoyin unguwa da na ga sun mutu, zargin ma'aji ne ya kashe yawancinsu, ba rashin kuɗi ba. Ƙaramin karo-karo daga gida hamsin ya fi kyautar ɗan siyasa guda, domin shi gobe zai ce a sa hotonsa a ƙofa, jibi ya ce a ba yaronsa wurin ajiye kwantena. Kada kuma himmarku ta zama hujjar da hukuma za ta naɗe hannu. Ko a New York an yi wannan ƙorafi: a 2012 attajiri John Paulson shi kaɗai ya ba Central Park dala miliyan 100, alhali lambunan unguwannin talakawa suna lalacewa, har sai da birnin ya fito da shiri na musamman a 2014 don gyara 35 daga cikinsu da kuɗin gwamnati. Kwashe tulin shara da mota, magudanar ruwa da tsaro haƙƙinku ne a kan hukuma, ku ci gaba da nema a rubuce.

Saura itatuwan da awaki suka cinye. Na taɓa halartar wani bikin dashe, an kafa rumfuna, an yi jawabai, manyan baƙi suka dasa nasu ana tafi. Na koma wurin a watan Maris, sai tsinke-tsinke a tsaye cikin ramuka, allon da aka rubuta sunan babban baƙo kawai ya rage da ransa. Ba wanda ya yi lissafin wanda zai kawo ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu. Kafin ku karɓo dashe ko guda, ku ƙirga jarka nawa za ku iya saya wurin mai kura a mako, ko wane maƙwabci mai rijiyar burtsatse zai yarda a ja tiyo daga gidansa. Wannan lissafin ne zai faɗa muku yawan itatuwan da za ku dasa, ko da goma sha biyu ne. A dasa idan damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a kewaye kowanne da bulo ko waya ko ƙaya tun ranar, tsayin da akuya ba za ta miƙe ta kai ganyen ba, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Sai ya ga rani biyu kafin a saki jiki da shi.

Darbejiya tana jure wahala kuma tana saurin ba da inuwa. Maɗaci da tsamiya suna da jinkirin girma, amma jikokinku za su sha inuwarsu. Ceɗiya da durumi reshe ma ake dasawa ya kama, sai dai a nesanta su da katangar mutane saboda saiwa. Mangwaro yana jawo jifa, ku san da wannan kafin ku sa shi kusa da tagar wani. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin ta hotunan Turai kuwa ku manta da ita, ruwan da za ta sha a wata guda na bazara ya ishi itatuwanku duka. Ƙasa mai tsafta da aka share, inuwa da 'yan bencina na siminti sun wadatar a shekarar farko. Idan kun samo taswirar nan, ka sake rubuto mini abin da kuka gani a kanta, sai mu duba yadda za a tsara wasiƙar ƙaramar hukuma.