Hukuncin Tare Hanyar 'Yan Gangamin da Ba 'Yan Unguwa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, nan Legas. Wata ƙungiyar siyasa da ba a yankinmu take ba ta ce za ta yi jerin gwano ta bi ta titinmu ranar Juma'a, alhali an san irin maganganun da take yi a kan 'yan Arewa. Matasanmu sun ce za su datse hanya da benci da tayoyi. Ya halatta mu hana su? Kuma ya kamata hukuma ta bar irin wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, datse hanya da hannunku bai halatta ba. Abin da ke gare ku shi ne ku nemi hukuma ta sauya musu hanya ko lokaci, kuma wajibi ne a kanta ta saurare ku idan tsoronku yana da tushe.

Malamai sun yi saɓani kan zanga-zanga ita kanta. Wasu sun hana don fitinar da take jawowa, wasu sun halatta ta lumana bisa faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 148, cewa ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Amma ba a kan shigarku kuka yi tambaya ba, don haka mu bar wannan.

Titi a fiƙihu haƙƙin jama'a ne duka, ba mallakar masu shaguna a gefensa ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, sahabbai sun ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, sai Annabi (SAW) ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kamewa daga cutar da mutane, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Mazaunin bakin hanya aka ɗora wa nauyi, ba a ba shi ikon tantance mai wucewa ba. Ƙona taya a tsakiyar titi kuwa cuta ce ga mai naƙuda da ɗan makaranta da direban danfo (motar haya) da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Za ka ce ai waɗannan maƙiya ne. To karanta Suratul Ma'ida, aya ta 2: kada ƙin wasu mutane, don sun tare ku daga Masallacin Harami, ya sa ku ƙetare iyaka. Mutanen da suka tare wa Annabi hanyar Ka'aba ake magana, amma ba a yarda a zalunce su ba. Sayyidina Aliyu ma, da Khawarij suka riƙa ɗaga murya a kansa cikin masallaci, cewa ya yi ba za a hana su masallaci ba, ba za a hana su rabonsu ba muddin suna tare da jama'a, kuma ba za a fara su da yaƙi ba. Sai da suka zubar da jini ya ɗauki takobi. Ashe abin da mutum ya aikata ake dubawa, zafin bakinsa kaɗai bai isa ba.

Kalmar nan ta "ba 'yan nan ba ne" ina so matasanku su tauna ta da kyau kafin su furta. Hausawa sun daɗe ƙwarai a Agege, kakanni sun yi fataucin goro a nan, an haifi 'ya'ya da jikoki, amma har gobe akwai masu kiranku baƙi. In kuka kafa ƙa'idar cewa 'yan unguwa ne ke da ikon hana baƙo taro, gobe da ita za a tare zagayen Mauludinku, da ita za a hana ɗan takararku shiga wata unguwa. Dokar ƙasa ma ba ta san wannan bambanci ba. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin taro, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a buƙatar takardar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami. Jam'iyyar ANPP ce ta jagoranci shigar da waccan ƙara, bayan 'yan sanda sun tarwatsa taronta a Kano a 2003. Wato garkuwar da waɗannan mutane suke fakewa da ita, a kan namu aka ƙera ta.

Sai dai ba na cewa a buɗe ƙofa warwas. Mu Malikawa muna aiki da saddudz dzari'a, wato toshe hanyar ɓarna. Imam Ƙarafi ya kasa ta uku: wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a; wadda aka haɗu a kan barinta, kamar shuka inabi, ba a hanawa don tsoron za a yi giya da shi; sai wadda aka yi saɓani. Ma'aunin shi ne yadda ɓarnar take da rinjaye. Gangami a fili irin dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota, inda aka yi zanga-zangar adawa da cire tallafin mai a Janairun 2012, ya fi kama da shuka inabi. Amma a zaɓi ƙofar masallacin mutanen da ake zagi, a daidai lokacin sakkowa daga Juma'a, wannan ya fi kusa da rijiyar. Wanda ya ga rikicin ƙabilanci na Ketu a 1999, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da na Fagba a Oktoban 2020, ya san yadda jifa ɗaya ke zama gawawwaki da ƙonannun shaguna. A irin wannan hali wajibi ne hukuma ta karkatar da su, kuma sashe na 45 na tsarin mulkin ya ba da damar taƙaita 'yanci don zaman lafiya. An ma yi haka a 2024, lokacin da kotu a Legas ta keɓe wa masu zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta filaye a Ojota da Ketu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gwamnati ta mai da "tsoron rikici" mabuɗin rufe bakin duk wanda ba ta so.

Saboda haka Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su rubuta wa DPO da shugaban ƙaramar hukuma tun kafin ranar, su faɗi titi da lokaci da kalaman da aka ji da kunne, banda jita-jitar WhatsApp, su nemi a sauya hanya ko a ɗaga zuwa bayan an watse daga masallaci. Ku tafi tare da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da dattawan Yarbawan unguwa, domin wuta ba ta tambayar shagon wane ne. In duk da haka aka bar su suka wuce, liman ya ja kunnen matasa a huɗuba, masu shago su sauke ƙofa na ɗan lokaci, kada wanda ya mayar da zagi ko ya ɗauki dutse. Wanda aka auka wa a kan ransa ko dukiyarsa yana da haƙƙin kare kai gwargwadon abin da zai tunkuɗe cutar, ba tare da bin kowa ramuwa ba.

Wallahu a'alam.