Maganin Likita Ko Zumar Ƙarfin Maza?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Jidda ne, shekarata 56, ina da ciwon suga, kuma gabana ya yi rauni. An rubuta mini sildenafil a asibiti, amma ina tsoron kada ya taɓa mini zuciya. Wani aminina ya ce in koma ga zumar ƙarfin maza, wai ita ba ta da illa. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Sildenafil, wanda ya shigo kasuwa da sunan Viagra a 1998, ba ya haifar da sha'awa. Yana toshe sinadarin PDE5 ne, domin jijiyoyin gaba su saki su cika da jini idan sha'awa ta motsa. Ana shan sa kamar awa ɗaya kafin kusantar iyali, ba fiye da sau ɗaya a rana ba, kuma wanda ya cika cikinsa da mandi mai maiƙo zai ga ya yi jinkirin aiki. Babban haɗarinsa shi ne haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji irin su nitroglycerin da ake sa wa ƙarƙashin harshe, domin bugun jini na iya faɗuwa warwas har mutum ya suma ko ya rasa ransa.

Maganar zumar nan kuwa ta ishe ni, don kullum sai na ji ta. Ana fakewa da darajar da zuma take da ita a addini ana cutar bayin Allah. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da aka samu sildenafil da tadalafil (wani magani mai aiki irin na sildenafil) a ɓoye cikin zumarsu, ba tare da an rubuta a jikin kwali ba. Wato maganin da kake gudu shi ne za ka lasa, sai dai babu awo, ba ka san ko miligiram nawa ne ba, kuma mai sayarwa a WhatsApp bai taɓa tambayar ka me kake sha na zuciya ba. Tadalafil yana iya kaiwa awa 36 yana aiki a jiki. Idan ciwon ƙirji ya kama mutum aka kai shi asibiti, ya ce zuma kawai ya sha, za a iya ba shi nitroglycerin a kai cikin rashin sani.

Ka koma wurin likitanka da duk magungunan da kake sha, ya duba zuciyarka da sugarka, sannan ka sayi abin da ya rubuta a saidaliyya, wato kantin magani, mai lasisi. Idan gaba ya miƙe ya wuce awa 4, ko ganinka ya ragu farat ɗaya, kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take.