Amsa: 'Ya'yan sojoji da ake kawowa tsakiyar zango

Malama, kin ce makarantarku na kusa da bariki, ana kawo muku 'ya'yan sojoji tsakiyar zango, kafin su saba kuma an yi wa uban canjin wurin aiki. Ki fara da takarda. Ranar da aka kawo yaro, a karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon zangon baya, musamman makin gwaje-gwajen aji. Wannan maki shi ke ba da wahala daga baya, domin WAEC na buƙatar na SS1 da SS2 kafin rajistar SS3, tsohuwar makarantar kuwa tana iya kasancewa a Jos ko Maiduguri. A makon farko a gwada shi a lissafi da Turanci, kada a ɗauka inda kuka tsaya nan ya tsaya.

Lambar waya biyu za ki rubuta, ta uwa da ta wani babba a barikin. Uban da ke daji a Borno sai ya yi makonni ba a same shi ba, wasiƙar da aka rubuta da sunansa kuma a jakar yaro take kwana.

Taron iyaye da malamai kuwa, ku bi ta hannun magajiyar bariki, wato shugabar matan barikin, da ƙungiyar matan sojoji irin NAOWA, ta matan auren hafsoshin sojan ƙasa. Sanarwar da magajiya ta yi ta fi takardarku saurin isa gidaje. Ku ba uwa ɗaya daga bariki kujera a kwamitin makaranta.

In yaro ya fara gyangyaɗi ko faɗa bayan an tura uban fagen daga, a kira uwar kafin a ɗauki bulala. Kuma kada malami ya tambaye shi a gaban aji ina aka kai babansa.